Tashi Ka Tafi, Gyartai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga wanda bakina ba ya iya faɗin sunansa.

Gaisuwa irin ta uwa da gaisuwa irin ta ɗiya, ga su a takarda guda tunda hannu guda ya rubuta. Ina gajiyar hawan ƙarfe? Ya zafin nan namu na Malbaza da ba ya jin lallashi? Allah ya tsare ka a sama in ka hau, ya tsare ka a ƙasa in ka sauko. Ya kiyaye ka daga sharrin hanya, da sharrin wuta, da sharrin baki. Amin.

Baba, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Tun ina ƙarama, duk ran da ka kira ni Inna, da gaske nake ɗauka. Kowa ya san wasa ne. An sa mini sunan mahaifiyarka, ba ka iya kiran sunan, sai ka ce Inna. Mama ma ba ta iyawa, sai ta ce, "Uwar mijina, tashi ki wanke kwanonin ga." A yi dariya, ni ma in yi. Amma in ka dawo daga aiki da jar ƙasa a wando, ka zube bisa tabarma, sai in ji kamar ni na haife ka. Kamar na taɓa goya ka a wata gona a Illela wadda ban taɓa nomawa ba. Na san ba daidai ba ne, kuma na yi istigfari. Sai dai haka nake ji. Don haka yau zan yi maka magana irin ta uwa. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira mutanen nan.

Ka tuna ran Juma'a. An sauko daga masallaci, muna shan fura a inuwar rumfa, Gwaggo Hure ƙanwarka ta zo daga Illela don yi maka sallama. Jakarka a ɗaure, an kama maka wuri a motar Yamai, daga can sai jirgi zuwa ƙasar masu ƙera akwatunan rezo, masu kawo layin waya da intanet, da kake kafa wa mutane. Sun ga akwatin da ka sake wa ciki, sun ce ka je shekara guda ku zana sabo tare. Sai ka ajiye ludayi, ka zo gabana ka durƙusa.

"Inna, ga ɗanki zai tahiya. Ba ni ɗaga ƙahwa sai kin sallame ni."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ke tsohuwa, sallami yaro mana! Ko sai ya ba ki goro?"

Mama ta ce, "Uwar miji, kar ki ba mu kunya gaban baƙi."

Ni kuwa na dubi tabarma. Na tashi na shige ɗaki, ina ji dariyar tana mutuwa a bayana. Da gari ya waye na ga jakarka ta koma bisa kabad. Yau da safe kuma ina shara na ji ka ce wa Mama, "In an yi la'asar in kira su, in ce su ba wani."

Ta ce, "Kan wasan yara?"

Ka ce, "Ba wasa ba na."

To ga ni. Uwa in za ta yi wa ɗanta nasiha, daga cikin shekarunta take ɗebowa. Ni shekaruna ba su cika kwano ba, kuma kusan duk kurakuran da na yi a duniya a kan kayan aikinka na yi su. Da su zan yi maka guzuri.

Na farko ba ka manta ba, don har yau kana ba baƙi labari. Lokacin da ka kawo akwatin farko gidan nan, farin nan mai ƙananan fitilu, wanda waya ke saukowa masa daga anten ɗin bisa ƙarfe, ga tarho a gefe kamar a buron ma'aikata. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Kwana kaɗan ƙurar siminti ta fara kwanta masa, kamar yadda take kwanta wa komai a garin nan, har girar mutum. Sai na ji tausayinsa. A gidan mace mai tsabta, abin da ake so rufe shi ake yi. Telen da Mama ke kallo na da mayafinta, kwallayen ɗaki na da nasu. Na zauna na saƙa masa riga da jan zare da fari, har da ƴan tuntaye a baki. Na sa masa, na ɗora furen roba a sama. Ka yi tafiya Dogarawa a ranakun nan, ana tsakiyar bazara.

Da farko rezo ya fara tafiyar hawainiya. Ina karanta littafina a salula, shafi ya ƙi buɗewa, daidai inda saurayin ya tsaya a ƙofar gida yana jiran amsa. Daga baya fitilun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Da ka dawo ka ɗaga rigar, zafi ya bugi hannunka, ka tsaya kana kallon tuntayen.

"Wa yai ma akwati ɗinkin Sallah?"

Na ɓoye bayan ƙyaure. Ba ka yi faɗa ba. Ka kwance shi, ka kira ni, ka ba ni madubin nan mai ƙara girma. Ranar na fara ganin koren allon da ke ciki. Baba, gari ne. Ga tituna na jan ƙarfe sirara kamar gashi, ga ƴan gidaje jere, ga rumbuna masu zagaye, ga wani fili da aka rufe da kwano. Ka ce ƙarƙashin titunan akwai wasu titunan, hawa bisa hawa, waɗanda ido ba ya gani. A tsakiya ga ƴar baƙar aba mai kusurwa huɗu, ba ta kai farcen babban yatsa ba. Ka ce ita ce pus, ƙwaƙwalwar abin. Ka ce a cikinta akwai wani garin kuma, wanda ya fi Ƙonni yawan ƙofofi, mutane suka zana shi a na'ura. Tana aiki tana zufa kamar mai daka. In ta ji zafi sai ta rage sauri don ta tsira, in zafin ya ƙi tafiya sai ta mutu.

"Masu yin ta ba su san Malbaza ba," ka ce. "Kuma ba su san Inna ba."

Daga nan ka fara. Ka ce ba ni kaɗai ba ce, rabin gidajen da ka shiga za ka tarar an rufe akwatin da ƙyalle, kuma ba za ka iya bin mata gida gida kana hana su tsabta ba. Ka sa mai zubin tukwane a Ƙonni ya zuba maka sanholo mai haƙora kamar mataji, ka manna wa pus a baya don ya janye zafin. Ka mayar da kafofin iska ƙasa da gefe. Ka matsar da ɓangaren wuta nesa da pus, ka ce maƙwabta biyu masu zafi ba a haɗa su katanga guda. Ka yi wa akwatin kai mai gangare don furen roba ya ƙi zama. Wannan ka yi ne don ni, na sani.

Ga nasihata a kan wannan. In ka je can, za su nuna maka ɗakuna masu sanyi inda ƙura ba ta shiga. Ka yaba, ka koya. Amma in an zo zana allon, ka tuna da ɗakin kwano da rana tsaka, da batirin pano mai cin hasken rana da ke raguwa da yamma, da kuran, wutar lantarkin nan, da ke tafiya ya dawo da ƙarfi kamar wanda aka yi wa laifi. Ka tuna da mace mai zare da kwarashi. Kar ka ji kunyar ba su labarinta. Ka sha faɗa mini kai ba pus kake yi ba, gida kake gina mata. To ka gina mata gidan da za ta iya zama cikinmu.

Akwai kuma abin da na gane daga baya, ni kaɗai. So ne ya sa na rufe akwatin nan. Ban san so na iya hana abu numfashi ba. A littattafan da nake karantawa ba a faɗin haka.

Na biyu gajere ne, kuma kunya yake ba ni. Igiyar shanya ta tsinke, na duba tsakar gida ban ga abin da ya fi ƙarfen anten ƙarfi ba. Na ɗaura, na shanya zannuwan gado jiƙaƙƙu. Ni ban ga abin da ya motsa ba. Sai da yamma mushen lakwal, wato malamin makarantar wani ƙauye bayan Dogarawa, ya zo bisa babur, ya ce tun hantsi suna cikin duhu ba rezo, su da gidan likita. Ka hau, ka sauko, ka nuna mini tsakanin yatsunka biyu.

"Kamar haka kinka juya shi. Nan yatsa guda na. Kahin shi kai can ya zama gona goma."

Ka ce anten da anten kallon juna suke yi, ido cikin ido, ta bisa gero da dawa da kan raƙuma. Tun ranar, in na hau soro ɗebo kuɓewar da aka shanya, sai in tsaya ina kallon sararin nan da babu komai cikinsa, ina tunanin muryoyin da ke wucewa. Wata na gaida ɗanta a Legas. Wani na tambayar ko an yi ruwa. Wani ya rubuta wa wata kalma biyu ya goge, ya sake rubutawa. Duk suna bi ta cikin ƴar baƙar aba da ka manna wa mataji. Na taɓa tambayarka ko tana jin abin da suke faɗi. Ka yi dariya har da tari.

"Dako kawai taka yi, Inna. Ba ta buɗe kayan mutane. Ko akwai wanda kika tsoron ta ji?"

Babu, Baba. Wallahi babu. Na faɗa maka a lokacin, ka ƙi yarda.

Nasihar dai ita ce, ƙasar da za ka ta fi Dogarawa nisa. Ɗan juyi kaɗan a can, kafin ya iso nan ya zama babba. In ka ce yau na gaji, gobe na kira gida, to goben ma za ka gaji. Mama ba za ta yi ƙorafi ba, ka san ta, sai dai tuwo ya fara yin gishiri. Ka riƙa duba saitinka. Ka nemi gabas tun ranar da ka sauka, kafin ka nemi inda ake sayar da abinci.

Na uku, lokacin ɗari ne, fata na ƙaiƙayi, hijabi na tartsatsi in an cire shi. Ka bar sabon allo bisa tebur ka fita alwala. Na shigo daga lakwal, na ga dalmar da ka liƙa tana ƙyalli kamar azurfar amarya. Ɗan yatsa kawai na kai. Na ji ɗan ƙaras, shi ke nan. Babu hayaƙi, babu wari, allon na nan da kyaunsa. Amma bai ƙara tashi ba. Ka ce wutar da jikina ya tara daga goga tufafi ita ta shiga ta ƙona wata ƙofa cikin dubban ƙofofin nan, kuma babu maƙerin da zai iya shiga ya gyara. Ka koya mini in taɓa ƙarfen ƙofa tukuna, in sauke abin da na ɗauko, kafin in taɓa abu mai laushi.

Gyartai, kai ma kana tara wuta. Na faɗa, tunda yau ni ce uwa. Ba ka da faɗa, amma in aka raina aikinka sai ka yi shiru, ka yi ta tarawa, ran da ta fita kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka. A can za a sami wanda zai yi maka magana sannu sannu kamar yaro, don Faransancinka ya sha bamban da nasa, ko don bai san inda Nijar take ba. Kar ka shiga ɗakin aiki da ita. Ka yi alwala, ka taɓa ƙasa da goshi. Mutum ma yana ƙonewa ba hayaƙi.

Ka ga na kira ka Gyartai. Jiya na sami sunan. Gwaggo Hure na yi mini kitso, ta danne kaina tsakanin gwiwoyinta, ta ce, "Ke kin san abin da kinka tono?"

Na ce a'a.

Ta ce kai ne ɗan fari wurin Inna ta gaskiya, Allah ya jiƙanta. Ba ta taɓa faɗin sunanka ba, ba ta taɓa duban ka ido cikin ido gaban mutane ba. Gyartai take ce maka, mai ɗinkin ƙwarya, don tun kana yaro ka farke rediyon babanku ka ce za ka ɗinke. Ran da za ka Yamai koyon aikin nan, ka same ta tana sheƙar gero a bayan gida. Ka durƙusa ka ce ka zo sallama. Ba ta ɗaga kai ba. Abin da ta ce kawai, "Gyartai, kauce, ka tare min iska." Ka kauce. Ka tafi kana ganin ba ta yarda ba. Kafin ka dawo hutu ta rasu.

Gwaggo ta ja gashina har na yi ƙara. "Kunyar ɗan hwari ta, ba ƙiyayya ba. Shina hita ta yar da ƙwaryar, ta hau bisa turmi tana leƙen mota ta kan darni. Ni nir riƙe mata turmin. Na hwaɗa mishi ya hi a ƙirga. Shi da kunnenshi shika son ji."

Sai ga ni ran Juma'a, da sunanta a kaina, na sake yi maka shirun. Wannan shi ne kuskurena na huɗu, kuma ya fi sauran.

Ba zan ce maka ita ce ni ba. Ba zan yi magana a bakin wadda ke kabari ba, Allah ya haskaka mata. Amma na san shirun nan ta ciki, don na zauna a cikinsa. Ba babu ce a ciki ba, Baba. Magana ce ta yi yawa, ƙofar ta yi kaɗan.

Nawa shirun ga abin da ke cikinsa. Ina tsoro. A littattafai, wanda ya hau jirgi ba shi ke dawowa ba. Wani ke dawowa da fuskarsa, yana ƙamshin turare, yana duban tabarma kafin ya zauna. Na yi ta ganin ka haka. Na ga ka dawo kana kirana da sunana na takarda, kamar mushen lakwal. Na kuma yi tunanin wa zai riƙa shigowa yana cewa, "Inna, ɗanki na jin yunwa." Wa zai ba ni madubi in shiga garin nan mai koren ƙasa in yi yawo. Gaskiya so na yi in saƙa maka riga da tuntaye in rufe ka, ka zauna nan inda ƙura ba za ta taɓa ka ba. Na riga na ga abin da hakan ke yi.

Kuma akwai ƙauyukan da har yau sai an hau tudu ake samun rezo. Akwai akwatunan da ke mutuwa duk bazara, kana zuwa kana tayar da su ɗaya ɗaya da hannu biyu kacal. In ka je aka zana shi daidai tun daga tushe, zai kai inda babur ɗinka bai taɓa zuwa ba. Wani lokaci nakan rufe ido in ga wata yarinya a wani gari mai zafi, ba ta san mu ba, ta rufe akwatinsu da ƙyalle, shafinta kuma ya buɗe.

Saboda haka ka saurara, ɗan nan. Na sallame ka. Na yarda, zuciya ɗaya. Abin da ka yi mini na yafe, wanda na sani da wanda ban sani ba, kai ma ka yafe mini rigar akwati da igiyar shanya. Tashi ka tafi, Gyartai. Ba ka tare wa kowa iska ba.

Ka tafi da rigar sanyi, an ce can ba wasa. Kar ka ci abin da ba ka tambaya ba. In ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, kai ka koya mini. Ka ci abinci kafin ka zauna gaban allo, don na san ka, in ka kama ƙarfen liƙi mantawa kake da cikinka. Mama kuma ka bar mini ita. Uwar miji ce ni, na san yadda zan yi da ita.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki. Ya buɗe maka abin da ke rufe, ya sanyaya maka abin da ke da zafi. Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya dawo mana da kai kana zama bisa tabarma ba ka duba ba. Allah ya yi maka albarka, albarkar da ba ta yankewa.

Ni ce Innarka, kuma ɗiyarka.

Na so in sa takardar nan cikin akwatin kayan aikinka in gudu gidan su ƙawata, ka gani bayan na yi nisa. Har na ninke ta. Sai ga ladan ya kira la'asar, kuma yanzun nan na ji ka a tsakar gida kana tambayar Mama inda ta ajiye salularka. Ta ce ba ta gani ba. Ƙarya take yi, tana cikin kwallarta, amma ba za ta iya riƙe ka da daɗewa ba.

Zan sa hijabi in fito. Da hannuna zan ba ka, gaban Mama da Gwaggo, kuma ba zan koma ɗaki ba. Zan tsaya har ka gama. In ka ɗago kai, ka ɗan ba ni lokaci. Akwai layi guda a ciki da nake so ka ji da kunnenka.